Kalmar "Shatter" a Turanci: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita Daki-Daki

Duk wanda filas ɗin shayi irin na da, mai kwalba a ciki, ya taɓa suɓuce masa ya faɗi a kan siminti, ya riga ya san ma'anar kalmar *shatter* tun kafin ya buɗe ƙamus. Daga waje babu abin da ya sami filas ɗin, ko lotsawa bai yi ba, amma da an ɗaga shi an girgiza sai a ji gutsattsarin kwalba suna ƙara a ciki kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma babu mai gyaran da zai iya mayar da su yadda suke. Abin da ya sami kwalbar nan cikin ƙiftawar ido shi ne Turawa suke kira *shatter*.

Masu koyon Turanci sun kasu biyu game da wannan kalma. Akwai waɗanda ba su taɓa kusantarta ba, komai ya lalace *break* ne a wurinsu, daga allura har gini. Akwai kuma waɗanda suka tsince ta a jarida, ta yi musu daɗin baki, suka ɗauka ita ce *break* ta manyan malamai, sai su riƙa liƙa ta a kan igiya da burodi da alkawari. Na biyun sun fi ba mai duba takardar jarrabawa wahala, domin kuskurensu ya fi fitowa fili. Maganin matsalolin biyu yana cikin Hausar da mutum yake ji tun yana goye: Bahaushe bai taɓa haɗa tsagewa da tsinkewa da tarwatsewa a kalma ɗaya ba, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama rabin aikin.

Mataki na farko: a daidaita furuci da rubutu

Kalmar gaɓa biyu ce, kuma nauyin murya yana kan gaɓar farko. Sautin da ta fara da shi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne na shanu da shinkafa. Wasalin da ya biyo baya ne yake da tarko. Turanci yana da wata kalma, *shutter*, mai nufin marfin taga ko ƙofar shago ta ƙarfe da ake ja ƙasa, kuma kunnen da ya saba da wasulan Hausa biyar yakan ji kalmomin biyu kamar abu ɗaya. A *shatter* ana faɗaɗa baki, sautin ya fito kamar na *cat* da *hat*. A *shutter* kuwa baki a sake yake, sautin kamar na *cut* da *hut*. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta harafin r na ƙarshe, Amurkawa kuwa suna furta shi, kuma t ɗinsu kan yi laushi har ya yi kama da d. Duk wanda aka bi daidai ne.

A rubuce, t biyu ne. Sigoginta ba su da rikici: *shatters*, *shattered*, *shattering*. Ba a ninka harafin r kamar yadda ake yi a *preferred*, saboda nauyin murya ba a gaɓar ƙarshe yake ba. Haka kuma *shattered* gaɓa biyu ce, ba uku ba. Ƙarshenta sautin d ne kawai.

Mataki na biyu: a auna abin da ya fashe da sharuɗɗa uku

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Kafin a ɗora kalmar a kan wani abu, sai ya cika sharuɗɗa uku a tare.

Na farko, abin ya kasance mai tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa kuma ba ya miƙuwa: gilashi, madubi, tangaran, tayil, tukunyar ƙasa, ƙanƙara, ƙashi. Leda da tufa da takarda da igiya da ɗanyen itace ba sa shiga, domin kowannensu yana da hanyarsa ta lalacewa. Kwanon silba idan ya faɗi lotsewa yake yi, wannan kuwa *dent* ne a Turanci. Na taɓa duba rubutun wani ɗalibi da ya ba da labarin guga da ta faɗa rijiya, ya rubuta *The rope shattered*. Da na tambaye shi yadda zai faɗi wannan da Hausa, bai yi jinkiri ba ya ce igiya ta tsinke. Na ce masa, "To, ko ta tarwatse?" Sai ya yi dariya, domin shi da kansa ya ji abin bai zauna ba. Kalmar da yake nema ita ce *snapped*.

Na biyu, abin ya faru farat ɗaya, da ƙarfi, galibi har da ƙara. Katangar ƙasa da damina ta yi ta ci shekara da shekaru har ta zube ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko da a ƙarshe ta zama tarin ɓaraguzai. Abin da ta yi shi ne *crumble*, kalmar da ake yi wa busasshen ƙuli-ƙuli da aka marmasa tsakanin yatsu.

Na uku, gutsattsarin su yi yawa, su kasance ƙanana, kuma su watsu, ta yadda babu zancen liƙi ko ɗinki. Farantin da ya rabu gida biyu daidai *broke in two* ya yi. Ƙwaryar da ta tsage, wadda har yanzu za a iya kai wa mai gyartai ya ɗinke, *cracked* ta yi. Amma tulun da ya suɓuce daga kan yarinya a bakin rijiya, ruwa ya malale, tsingaro ya watsu har ƙarƙashin ƙafafun masu jiran layi, wannan *shattered* ne ba tantama.

Ga ma'auni mai sauƙi. A faɗi jimlar da Hausa tukuna. Idan abin da ya zo baki shi ne ya tarwatse, ya farfashe, ya ragargaje, ko ya yi rugu-rugu, to *shatter* tana da wurin zama. Idan kuwa ya tsage ne, ko ya tsinke, ko ya karye, ko ya yage, ko ya lotse, sai a nemi wata kalmar.

Mataki na uku: a gina jimla

Hausa tana sauya ƙarshen aikatau don ta nuna ko wani ne ya aikata ko abin ne ya auku: yaro ya fasa kofi, kofi ya fashe, dutse ya tarwatsa madubi, madubi ya tarwatse. Turanci ba ya wannan sauyi a *shatter*, siga ɗaya ce take ɗaukar aikin biyu. *The stone shattered the mirror* na nufin dutse ya tarwatsa madubi. *The mirror shattered* na nufin madubi ya tarwatse, kuma jimla ce cikakkiya da ba ta buƙatar ƙari. Ɗalibai da yawa ba sa yarda da wannan, suna jin kamar jimlar ta yi gurguwa, sai su rubuta *The mirror shattered itself*, wanda yake ba da hoton madubin da ya yi niyyar hallaka kansa. Akwai siga ta uku, *The mirror was shattered by a stone*, wadda ake amfani da ita idan madubin ne abin magana amma ana son ambaton musabbabi.

Ƙananan kalmomin da suke raka ta kaɗan ne. *Into* ce take nuna abin da ya zama: *shattered into pieces*, ko *into a thousand pieces*, wanda ba ƙidaya ba ce, zuzutawa ce irin ta mai cewa ya faɗa sau dubu. *On* da *against* suna nuna inda ya bugu: *The bottle shattered against the wall*. Ba a cewa *shatter up* ko *shatter down*, duk da cewa *break up* da *break down* suna nan da ma'anoninsu. Ba a kuma haɗa ta da kalmomin sassauci irin su *slightly* ko *slowly*. Cewa *slightly shattered* daidai yake da a ce abu ya ɗan yi rugu-rugu.

Da wuya a yi amfani da *shatter* a matsayin suna a maganar yau da kullum. Gutsattsarin da suka rage *pieces* ne ko *fragments*, idan kuma na gilashi ne ko na tukunya masu kaifi, *shards*. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da tsingaro.

Mataki na huɗu: a raba ta da maƙwabtanta

Mafi kusa da ita ita ce *smash*, kuma sau da yawa suna musayar wuri, amma ba abu ɗaya suke kallo ba. *Smash* tana kallon bugun da ƙarfinsa da hannun da ya yi shi, *shatter* kuwa tana kallon abin da ya sami wanda aka buga. Shi ya sa za a iya haɗa su a jimla ɗaya ba tare da maimaici ba: *He smashed the window with a hammer and the glass shattered*. Ana iya *smash* ɗin mota ko ƙofa ko tumatir, abubuwan da ba sa tarwatsewa irin ta gilashi. *Burst* ta abin da ya cika ne ya fashe daga ciki, kamar taya ko bututun ruwa ko balan-balan. *Splinter* ta katako ce da ya tsattsage, har sartse ya shiga hannu. *Crush* dannewa ce ko niƙewa tsakanin abubuwa biyu.

Wurin da aka fi ganin bambancin *crack* da *shatter* da ido shi ne jikin mota. Gilashin gaba ɓawo biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakiya, fasahar da wani masanin sinadarai Bafaranshe, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista a 1909. Idan tsakuwa ta tashi daga tayar tirela ta buge shi, tsagewa yake yi, wani lokaci tsagun su bazu kamar saƙar gizo-gizo, amma yana nan a maƙale a wurinsa. Wannan *crack* ne, kuma irin wannan gilashi ake kira *shatterproof*, wato wanda ba ya tarwatsewa. Gilashin gefe kuwa a yawancin motoci an gasa shi ne aka sanyaya da sauri, saboda haka da ya sami bugu mai kyau sai ya zube gaba ɗaya ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar tsakuwa a kan kujera. Wannan shi ne *shatter*. Haka ma fuskar waya: layi ɗaya da ya ratsa ta *cracked screen* ne, wadda kuwa ta dagargaje har ɓurɓushinta yana kama yatsa *shattered screen* ce. Wayar da ta daina kawo wuta alhali gilashinta lafiya lau, *broken* kawai za a ce.

Sai *scatter*, wadda take nufin warwatsawa, kamar yadda ake watsa wa kaji dawa ko taro ya watse. Kamanceceniyar da ke tsakanin *shatter* da *scatter* ba haɗuwar hanya ba ce. Masu nazarin asalin kalmomi suna ganin tushensu ɗaya tun zamanin Turancin tsakiya, wato Turancin ɗaruruwan shekarun da suka wuce, kamar yadda *shirt* da *skirt* suka fito daga tushe ɗaya, kuma a da *shatter* kanta tana da ma'anar warwatsawa. A yau sun raba gari: *scatter* ba ta nuna an fasa komai, abubuwan da suke a rarrabe ne aka baza. A Turancin buroka na Najeriya ana cewa abu ya *scatter* idan ya lalace ko ya wargaje, amma wannan ba ya karɓuwa a takardar WAEC ko NECO.

Mataki na biyar: a koyi ma'anarta ta aro

A jaridu da labarai, an fi ɗora kalmar a kan abin da ba a taɓawa da hannu. Sharuɗɗan nan uku ba su ɓace ba, sun dai sauya riga: abin ya kasance mai daraja kuma mai saurin lalacewa, ya rushe farat ɗaya, kuma ya yi wuyar dawowa. Saboda haka ake jin *shattered dreams* da *shattered hopes*, wato buri da fata da suka wargaje. *Shattered confidence*, ƙwarin gwiwa da ya karye gaba ɗaya. *Shatter an illusion* ko *shatter a myth*, wato a rushe wani zato da aka daɗe ana riƙe da shi. Ƙarar bindiga da tsakar dare *shattered the silence*, domin an ɗauki shirun kamar gilashi.

A watan Yunin 2008, lokacin da Hillary Clinton ta janye wa Barack Obama a takarar neman tikitin jam'iyyar Dimokurat ta Amurka, ta yi amfani da *shatter* da *crack* a numfashi ɗaya. Turawa suna kiran shingen da ba a gani wanda yake hana mata kai wa manyan muƙamai *glass ceiling*, wato rufin gilashi. Ta ce wa magoya bayanta ba su iya *shatter* ɗin rufin nan mafi tsawo kuma mafi tauri a wannan karo ba, amma sun yi masa *about 18 million cracks*, tana nufin adadin ƙuri'un da ta samu. Duk ƙarfin maganar ya rataya ne a kan bambancin nan: an tsattsaga rufin, amma bai zube ba.

A fagen wasanni ana cewa *break a record* idan an wuce bajintar da aka kafa a baya, ko da da ƙiris ne, amma *shatter a record* sai an wuce ta da tazarar da ta ba kowa mamaki. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya ƙara santimita 55 a kan tarihin da ya tarar. A birnin Balin na Jamus a 2009, Usain Bolt ya yi tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, ya rage daga 9.69 da shi kansa ya kafa a Beijin a 2008. A tseren da ake cin nasara da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, wannan babbar rata ce. Tobi Amusan ta Najeriya ma ta yi daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, inda tsohon tarihin yake 12.20. Mai fassara zuwa Hausa ya kiyayi cewa ɗan wasa ya tarwatsa tarihi. Abin da ake nufi shi ne ya kafa sabon tarihi da tazara mai yawa.

Akwai kuma wuraren da *break* ta riga ta kafa sansani, *shatter* ba ta shiga ko kusa. Saɓa alkawari *break a promise* ne, karya doka *break the law*, buɗe baki ko karya azumi *break the fast*, inda *breakfast* ta samo asali kamar yadda Bahaushe yake da karin kumallo. Waɗannan haddace su ake yi, babu ƙa'idar da za ta fitar da mutum.

Mataki na shida: a yi hattara idan mutum ake siffantawa

*She was shattered by the news* na nufin labarin ya girgiza ta matuƙa, irin girgizar rasuwa ko babbar asara. Amma idan mutumin Ingila ya dawo daga aiki ya zube a kujera ya ce *I'm shattered*, cewa yake ya gaji tiɓis, ba wani abu ba. Wannan maganar hira ce ta Birtaniya, ba ta dace da wasiƙar neman aiki ba, kuma Ba'amurke yana iya jin ta ya fara jajantawa. Yanayin magana ne yake bambancewa. Daga kalmar kuma aka sami *shattering*, kamar a *a shattering defeat*, mummunan kaye, da *earth-shattering*, wadda aka fi ji a kore: *nothing earth-shattering*, ba wani abin a zo a gani ba.

Mataki na bakwai: a san ma'anarta a gona

Wanda yake karanta takardun malaman gona zai gamu da *shattering* a wata ma'ana da ba ta da alaƙa da gilashi, kuma a nan ne tsohuwar ma'anar warwatsawa ta tsira. Ana nufin kwanson amfanin gona ya bushe ya buɗe da kansa, 'ya'yan su zube ƙasa kafin girbi ko lokacinsa. Manomin riɗi ya san abin sarai, shi ya sa yake yanke shi tun kwanson bai gama bushewa ba, ya ɗaure dami-dami ya jingina su a tsaye, sai sun bushe ya kifa su a kan tamfol ya kakkaɓe. Waken suya ma haka yake yi idan aka yi jinkirin cire shi har iskar hunturu ta kama shi a gona. Saboda haka *pod shattering* fashewar kwanso ce da zubewar iri, kuma idan aka ga *shatter-resistant variety* a takardar bayanin iri, ana nufin irin da kwansonsa yake jure bushewa ba tare da ya yi saurin buɗewa ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin masu samar da irin waken suya mai wannan siffa.

Mataki na takwas: a gwada kai

Hanyar da ta fi zaunar da kalmar ita ce a ɗauki abubuwan da suka faru a gida a cikin mako, a faɗe su da Hausa, sannan a zaɓa musu kalmar Turanci kafin a duba ƙamus. Sandar rake da aka karya a gwiwa *snapped* ta yi, domin biyu ta rabu. Buhun masara da ya yi cikar da ɗinkinsa ya kasa ɗauka *burst* ya yi. Bangon ɗaki da ya yi layi daga taga zuwa ƙasa *cracked* ya yi, kuma zai iya shekara goma a haka. Kofin gilashin mai shayi da aka tsiyaya wa tafasasshen ruwa da sanyin asuba yana iya yin kowanne daga cikin biyu: idan ya yi ƙas ya fara yoyo, *cracked*, idan ya zube a kan tebur aka shiga neman tsintsiya, *shattered*.

Ƙwai ne yake rikita mutane. Ɓawonsa mai tauri ne, kuma idan ya faɗi farat ɗaya yake fashewa, saboda haka a kan takarda kamar ya cika sharuɗɗan. Amma akwai wata siririyar fata a cikin ɓawon da take riƙe gutsattsarin, ga kuma ruwan da yake jiƙa su, don haka ba sa watsuwa irin na kwalba. Mai suya *cracks* ko *breaks* ƙwai a bakin kasko, wanda kuma ya faɗo daga kiret *broke* ko *smashed on the floor*. Sai dai idan ɓawon ne shi kaɗai, busasshe, aka taka shi ko aka buga shi da dutse, a nan Bature zai iya cewa *the shell shattered*.